Waiwaye: Toyota, daga injin saƙa zuwa neman afuwa a bainar jama'a

Ranar 3 ga watan Yunin 2024, Akio Toyoda, shugaban hukumar gudanarwar kamfanin motoci na Toyota, ya tsaya gaban 'yan jarida a birnin Tokyo, ya rankwafa irin yadda Japanawa ke yi idan sun zo neman afuwa. Kamfanin da kakansa ya kafa ya amsa cewa an yi ba daidai ba a gwaje-gwajen da hukuma ke nema kafin ta yarda a sayar da mota, kuma abin ya shafi samfuri bakwai. Washegari jami'an ma'aikatar sufuri suka dira hedikwatar kamfanin domin bincike. Da wani kamfanin ne, da labarin bai kwana biyu a bakin mutane ba. To amma Toyota ce. Mai sayen Toyota ba kasafai yake yabon kyanta ko gudunta ba. Abin da za ka ji daga bakinsa shi ne ba ta ba mutum kunya a hanya, tana da ƙarko, kuma ko ta tsufa da darajarta. Wannan shaidar ita ce jarin kamfanin, shi ya sa duk ranar da ta girgiza sai duniya ta waiwayo.

Tushen labarin ba a mota yake ba, a masaƙa yake. An haifi Sakichi Toyoda a 1867, ɗan kafinta ne, ya kuma tashi yana ganin yadda mahaifiyarsa ke shan wahala da saƙar hannu. Ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙera injinan saƙa, har a 1924 ya kammala wanda ake kira samfurin G. Abin da ya bambanta injinansa shi ne da zarar zare ɗaya ya tsinke, sai injin ya tsaya cak da kansa. Ƙaramin abu ne a ido, amma a duba amfaninsa. Injin da ba ya tsayawa zai ci gaba da zuba yadi mai aibi har sai wani ya lura, wanda ke nufin dole a ajiye mutum a gaban kowane inji yana gadi. Wanda ke tsayawa kuwa ba ya ɓata kaya, kuma ma'aikaci guda zai iya kula da injina da dama. Japanawa suna kiran wannan dabara jidoka, kuma a riƙe ta da kyau, don duk abin da ya biyo baya a kanta ya hau.

A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, wanda a lokacin shi ne gagara-badau a harkar injinan saƙa, ya sayi izinin ƙera wannan inji a kan fam 100,000. Ɗan Sakichi, wato Kiichiro, shi ya je ƙulla cinikin, kuma a tafiyar ya ga yadda mota ta mamaye titunan Amurka da Turai. A gida Japan ma Ford da General Motors ne ke riƙe da kasuwa, suna harhaɗa motoci a Yokohama da Osaka. Sakichi ya rasu a 1930. Bayan shekara uku Kiichiro ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin saƙar, suka sayo Chevrolet suka warware ta ɗaiɗai suna nazari. Ƙaramar motarsu ta farko da ta shiga kasuwa a 1936, samfurin AA, injinta kwaikwayon na Chevrolet ne, gangar jikinta kuma ta ɗebo kama da wata Chrysler. Duk wanda ya kira wannan kwafi bai yi ƙarya ba, sai dai ai da koyo akan iya.

A shekarar ce aka sauya sunan daga Toyoda zuwa Toyota. A rubutun Japanawa sabon sunan na buƙatar jan alƙalami sau takwas, lambar da suke ɗauka ta sa'a, sannan ya raba sunan kamfani da na iyali. Ranar 28 ga Agustan 1937 kamfanin motar ya tsaya da ƙafarsa. Garin Koromo da aka gina masa masana'anta a lardin Aichi, shi ma a 1959 ya ajiye sunansa ya ɗauki na Toyota.

Shekarun yaƙi sun tafi ne a ƙera wa sojojin Japan manyan motoci, cikin ƙarancin ƙarfe har ta kai ana fitar da mota da fitila ɗaya. Bayan yaƙi kuma sai talauci. Zuwa 1950 kamfanin na dab da durƙushewa. Bankuna suka ce ba za su ba da bashi ba sai an raba sashen sayarwa da na ƙira, an kuma rage ma'aikata. Aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, daga ƙarshe mutum fiye da 1,600 suka bar aiki, Kiichiro kuma ya ɗauki alhakin abin ya sauka daga kujerarsa. Ko wata guda ba a yi ba sai yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka zubo wa Toyota kwangilar dubban manyan motoci. Faɗuwar wani, tashin wani. Kiichiro bai ga farfaɗowar sosai ba, don ya rasu a 1952 ana shirin mayar da shi kan mulki.

Wannan wuyar da aka sha ita ta haifi tsarin da duniya ta zo tana koya daga baya. A 1950 Eiji Toyoda, ɗan'uwan Kiichiro, ya yi makonni a katafariyar masana'antar Ford da ke kusa da Detroit. Ya ga ana fitar da dubban motoci a rana, ya kuma ga tulin kayan da ke jibge suna jiran aiki, da motocin da ake turawa gefe a gyara bayan an gama haɗa su. Ford na da kuɗin da za ta ɗaure a irin wannan. Toyota ba ta da shi. Aikin nemo mafita ya faɗa kan wani injiniya mai tsauri, Taiichi Ohno, wanda shi ma daga masaƙar ya fito.

Abu biyu Ohno ya kafe a kai. Na farko, kada a ƙera komai sai lokacin da na gaba ya buƙace shi, kuma iya adadin da ya nema. Ya ɗauko tunanin ne daga manyan kantunan Amurka, inda ba a cika kanta sai mai saye ya ɗauke abin da ke kai. Wata 'yar takarda da ake kira kanban ita ke komawa baya ta shaida wa sashen da ke ƙasa cewa an cinye kaza, a kawo madadinsa. Na biyu shi ne darasin injin Sakichi. Aka rataya igiya a saman layin haɗa mota, aka ce duk ma'aikacin da ya ga matsala, ko jiya aka ɗauke shi, ya ja. Idan ba a warware ba cikin ɗan lokaci, layin gaba ɗaya ya tsaya. A masana'antun Detroit na wancan zamani tsayar da layi hurumin manya ne, ƙaramin ma'aikaci bai isa ba.

Bayan an tsaya kuma ba a neman wanda za a ɗora wa laifi, tambaya ake jerawa har sau biyar. A ce noti ne bai ɗauru ba. Me ya sa? Na'urar ɗaurin ba ta da ƙarfi. Me ya rage mata ƙarfi? Iskar da ke tura ta ta yi ƙasa. Me ya sa? Tiyo na yoyo. Me ya huda shi? Yana gogar wani ƙarfe. Me ya sa ba a lura ba? Babu wanda aka ɗora wa duba shi. Da an tsaya a tambayar farko, da sai a ɗaure notin a wuce, gobe a sake. Da farko layin ya yi ta tsayawa har manajoji suka ƙosa, amma da tafiya ta yi tafiya sai tsayuwar ta ragu, motocin kuma suka riƙa fita ba sai an bi su da gyara ba. Tsarin ba ya rasa masu suka: ma'aikaci ba shi da sararin numfashi, ƙananan kamfanonin da ke kawo kaya su ke ɗaukar nauyin jira, kuma hatsari ɗaya kan tsayar da komai, kamar yadda gobarar wata masana'antar Aisin, kamfanin da ke kawo wa Toyota kaya, ta yi a 1997 da girgizar ƙasar 2011.

Shigar Amurka da ƙafar hagu aka yi ta. A 1958 Toyota ta sayar da mota 288 kacal a can: Crown 287 da Land Cruiser guda ɗaya. An ƙera Crown ne don titunan Japan, da ta hau manyan hanyoyin Kalifoniya sai inji ya ɗau zafi, ga rashin ƙarfi. Dole aka janye ta. Suka koma gida suka sake lale, suka dawo da Corona a 1965, sannan Corolla ta fito a 1966. Da rikicin man fetur na 1973 ya sa Amurkawa bin layi a gidajen mai, ƙaramar mota mai tsimin mai ta zama abin nema. Zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50.

A ƙasashen da kwalta ta yi ƙaranci kuwa, Land Cruiser da Hilux ne suka yi wa kamfanin suna. An fara ta farkon a 1951, aka raɗa mata sunan a 1954. Hilux kuma ta zo a 1968. Inji mai sauƙin sha'ani, kayan gyara a ko'ina, ga jure rairayi da laka. Shi ya sa ma'aikatan agaji da masu haƙar ma'adinai suka rungume su. Masu ɗauke da bindiga ma haka. A 1987 sojojin Chadi suka ɗora makamai masu fasa tanka a bayan a-kori-kura ɗaruruwa, suka fatattaki tankokin Libiya a garin Fada da sauran wurare, har ake kiran wannan zango na rikicin Yaƙin Toyota. A 2015 ma sai da ma'aikatar kuɗin Amurka ta tambayi kamfanin yadda aka yi motocinsa suka cika hotunan ƙungiyar IS. Talla ce da babu kamfanin da zai so, amma ba ta rage wa motocin kwarjini ba.

An daɗe ana cewa sirrin na cikin halin Japanawa ne na ladabi da biyayya. A ganina abin da ya faru a Fremont ta Kalifoniya ya rushe wannan zance. General Motors ta rufe masana'antarta ta can a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci marasa inganci. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan, aka ba su igiyar nan su ja. Cikin ɗan lokaci motocin wurin suka shiga sahun gaba a inganci cikin duk masana'antun General Motors. Mutanen dai su ne, tsari ne ya canza.

Daga nan sai hawa. Lexus, motar alfarmar Toyota, ta fito a 1989 ta tsone wa Mercedes da BMW ido, Prius mai haɗa fetur da batir ta biyo baya a 1997, sannan a 2008 Toyota ta ture General Motors daga matsayin da ta riƙe shekara 77 na wadda ta fi kowa sayar da mota a duniya.

Sauri kuwa ya haifi nawa. A watan Agustan 2009, kusa da San Diego, wata Lexus ta ƙwace da gudu bayan shimfiɗar ƙasa ta danne totur, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka mutu, kuma an naɗi kiran neman agajin da suka yi daga cikin motar. Ƙorafe-ƙorafe suka yi ta fitowa. Kamfanin ya janye motoci sama da miliyan 8 a faɗin duniya saboda shimfiɗa da kuma totur mai maƙalewa. A Fabrairun 2010 Akio Toyoda, wanda bai cika shekara a kan kujerar shugabancin kamfanin ba, ya zauna gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka, ya amsa cewa kamfanin ya faɗaɗa da saurin da ya fi ƙarfin mutanensa, har aka rikita abin da ya kamata ya zo farko tsakanin lafiyar mai mota, inganci da yawan ciniki. Binciken da injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka yi ya fito a 2011 bai sami aibi a na'urorin lantarkin motar ba, wanda ya wanke kamfanin daga zargi mafi muni. Amma bai wanke shi daga ɓoye-ɓoye ba. A 2014 Toyota ta amsa cewa ta yaudari jama'a da hukuma kan abin da ta sani, ta biya tarar dala biliyan 1.2. Mutanen da suka koya wa duniya jan igiya sun ga zare ya tsinke, sun bar inji na gudu.

An zaci an ɗauki darasi, sai ga wata sabuwa daga cikin dangi, wato kamfanonin rukunin Toyota. A 2022 Hino, mai ƙera manyan motoci, ta amsa cewa ta shafe kusan shekara 20 tana murɗe alƙaluman hayaƙi da shan mai. A Disambar 2023 Daihatsu ta dakatar da fitar da dukkan motocinta bayan an gano maguɗi a gwajin samfuri 64, wasu tun 1989. Kwamitin da ya bincika ya ɗora laifin a kan wa'adin aiki mai tsauri, da matsin lambar cewa dole mota ta ci gwaji a karon farko, ta yadda ƙananan ma'aikata suka gwammace su gyara sakamako da su je wa manya da mummunan labari. Wata guda bayan haka aka kama Toyota Industries da irin wannan a injinan dizal, har aka tsayar da jigilar samfuri goma, ciki da Hilux, Hiace da Land Cruiser. Toyota Industries kuwa ba baƙo ba ne: shi ne kamfanin injin saƙar da Sakichi ya kafa a 1926, suna kawai ya sauya, kuma har yau yana ƙera injin saƙa.

A gefe guda ga masu sukar cewa kamfanin ya yi jan ƙafa wajen motoci masu aiki da lantarki zalla, ya bar fage ga Tesla da BYD ta Sin. Motarsa bZ4X ma da ta fito a 2022 sai da aka janye ta saboda fargabar taya na iya ficewa. Akio dai ya kafe cewa motoci masu haɗa fetur da batir sun fi dacewa da yawancin kasuwanni a yanzu, kuma cinikinsu ya yi ta mara masa baya.

Makonni biyu bayan rankwafawar Tokyo, masu hannun jari suka sake zaɓen Akio a matsayin shugaban hukumar gudanarwa, amma da kusan kashi 72 cikin 100, mafi ƙaranci da ya taɓa samu. Masu saye kuwa ba su ɗaga ƙafa ba. A shekarar 2024 ɗin rukunin Toyota ya sayar da mota kusan miliyan 10.8, ya kuma riƙe matsayi na ɗaya a duniya karo na biyar a jere, Volkswagen na biye da shi.