Tarin fuka, garkuwar jiki da sinadaran homon: tambayoyin da ake yawan yi a Damagaram

A Birni ko a Garin Malam ba baƙon abu ba ne a ga gida guda, ana kwana ɗaki guda, amma tarin fuka ya kayar da mutum ɗaya ya ƙyale sauran. Nan ne zancen sammu da jifa ke samun wurin zama, a kwashe watanni ana fama da maganin gida kafin a tuna da asibiti. Masu bincike sun daɗe a kan wannan batu, kuma wani sashe na amsar yana wurin da ba mu cika kai hankali ba, wato sinadaran homon da ke yawo cikin jini.

Idan ƙwayar cuta ce ke kawo shi, don me wani ke kwantawa wani yana tsaye?

Ƙwayar kam tabbas ce. Likitan Jamus Robert Koch ne ya bayyana ta a Balin ranar 24 ga Maris 1882. Ta iska take bi idan mai ciwon a huhu ya yi tari ko atishawa, ba ta kwanon abinci ko musabaha ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu ke kwantawa a tsawon rayuwa. A jikin sauran, ƙwayoyin garkuwa ne ke haɗiye ta, su taru su kewaye ta kamar dangar da ake yi wa garka. Muddin dangar na tsaye, mutum ba ya ciwo, ba ya kuma sa wa kowa. Abubuwan da ke karya ta sanannu ne: yunwa, sida, ciwon sukari, taba, giya, da ƙurar dutse irin wadda samarinmu ke shaƙa a ramukan zinariya na Jado. A shekarar 2023 kimanin mutum miliyan 10.8 ne suka kwanta da wannan ciwo a duniya, miliyan 1.25 suka rasu.

Mene ne haɗin homon da tari?

Homon saƙo ne da wata gaɓa ke zubawa cikin jini don ta umarci wata. Insulin na cikinsu, haka waɗanda ke tafiyar da haila da ciki. Wanda ya fi shafar zancenmu shi ne kotizol, da ke fitowa daga wasu ƴan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda. Idan jiki ya shiga wahala, kotizol ne ke ɗaga sukarin jini ya kuma kwantar da kumburi. To amma kumburin nan shi ne yaƙin da garkuwa ke yi, kwantar da shi kuwa rage mata kaifi ne.

Masu bincike na Jami'ar Rosariyo a Ajantina, irin su Oscar Bottasso da María Luisa Bay, sun shafe shekaru suna auna jinin sabbin masu tarin fuka. Sun tarar kotizol ya hau, wani homon ɗin mai suna DHEA, wanda ke mara wa garkuwa baya, ya sauka, kuma gwargwadon yadda ciwon ya ci huhu gwargwadon yadda tazarar ke faɗi. Dalilin shi ne ƙwayoyin garkuwa da ke fafatawa suna sakin sinadaran da ke isa har ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarnin a ƙara kotizol. A ciwon kwana uku wannan alheri ne, yana hana jiki cutar da kansa. A ciwon da ya ja wata shida ba magani, jiki ne ke ɗaure hannun mai tsaronsa. Ni a ganina wannan shi ne hujja mafi ƙarfi ta gaggauta zuwa gwaji.

Wani lokaci ma ƙwayar kan sauka a kan gaɓoɓin nan biyu da ke kan ƙoda ta lalata su. Haka akasarin marasa lafiyar da Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855 suke: fata ta ƙara duhu, jini ya faɗi, kasala ta yi yawa. Har yau ana ganin irin wannan.

Ramar da mai tarin ke yi, ba rashin cin abinci ba ne kawai?

Biyu ne suka haɗu. Sinadaran yaƙin nan suna kashe sha'awar abinci, a aje wa mutum tuwo ya kai loma biyu ya tsame hannu. Kotizol kuma yana narkar da tsoka don samar da sukari, ga zazzaɓin yamma da gumin dare suna cin nasu. Shi ya sa za ka ga wando ya yi wa magidanci yawa, zobe na zamewa daga yatsa, ko da iyalinsa ba su gaza ba. Sai magani ya fara kashe ƙwayar kafin cin abinci ya dawo sosai.

Duk da haka abinci ba ƙaramin abu ba ne. A wani bincike da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, aka wallafa a 2023, an riƙa ba iyalan masu tarin fuka shinkafa da wani nau'in wake da ƙwayoyin bitamin kowane wata, sai kamuwa a cikinsu ta ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin 100. Mu da muka san yadda rumbu ke zama a Tanut ko Mirya kafin sabon gero ya nuna, wannan ba labarin nesa ba ne. Wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, zogale, madarar da aka tafasa: a ba mara lafiya, a kuma tuna da yaran da ke kwana kusa da shi.

To ƙwayoyin ƙiba da ake saye a kasuwa ba za su mayar masa da jiki ba?

A'a, kuma wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali. Da yawa daga ƙwayoyin da masu talla ke yawo da su a faranti, waɗanda wasu ke kira "sha ka fashe", deksametazon ne ko danginsa. Deksa kotizol ne na roba, kuma ya ninka na jiki ƙarfi sau ashirin da wani abu. Wanda ya sha zai ga zazzaɓi ya lafa, cin abinci ya buɗe, fuska ta cika, kowa a gida ya ce Alhamdu lillahi, an samu sauƙi. Alhali cikar ruwa ce da kitse, ƙafafu da damatsa na ƙara sirancewa, ƙwayar tarin kuma ta samu sarari tana yaɗuwa. Ko wadda ba ta tari, kamar budurwar da ke sha don ta yi jiki kafin biki, tana iya tayar da ƙwayar da ta yi shekaru a kwance, ta kuma jawo wa kanta ciwon sukari da hawan jini.

Ƴar'uwa, in kin daɗe kina sha kada ki yanke rana ɗaya, domin jikinki ya rage yin nasa kotizol ɗin, yankewar farat ɗaya na iya kayar da ke. Ki je ki faɗa wa likita gaskiya, shi zai riƙa rage miki a hankali.

Amma ai an ce likitoci da kansu suna ba masu tarin fuka deksa?

Gaskiya ne, idan ciwon ya hau lulluɓin ƙwaƙwalwa, inda kumburin kansa ke kisa. Binciken da aka yi a Biyetnam, aka wallafa a 2004, ya nuna yana rage mace-mace a nan. Sai dai tare da maganin kashe ƙwayar ake ba da shi, a ƙayyadadden lokaci.

Mai ciwon sukari fa?

Haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku, kuma ciwon ya fi wuyar warkewa a jikinsa. A auna sukarin duk wanda aka samu da tarin, mai sukari kuma kada ya raina tari.

Akwai bambanci tsakanin maza da mata?

A duniya maza sun fi yawa: a 2023 kusan 55 cikin 100 na masu ciwon, mata 33, yara 12. Taba da ma'adinai da cunkoson ɗakin ci-rani na da hannu a ciki. Ga mata, watannin farko bayan haihuwa lokaci ne na haɗari, sai ka ji ana ce wa mai jego gajiyar haihuwa ce, alhali tana tari tana ramewa. Ciwon kan kuma taɓa mahaifa ya rikita haila ko ya hana ciki.

Abu guda da ya kamata kowace mace ta sani: rifamfisin, maganin tarin fukan nan da ke mayar da fitsari ja-ja, yana sa hanta ta yi saurin narkar da homon. Ƙwayar tazarar haihuwa da wanda ake sawa a dantse suna rasa ƙarfi. A gaya wa ungozoma ta sauya dabara har a gama.

Shatin rigakafin da ke dantsena bai isa ba?

Allurar BCG, da aka fara amfani da ita a Faransa a 1921, tana kare ƙananan yara daga mugun nau'in ciwon. Ba ta cika kare huhun babba ba.

Wanda ke tari yanzu, me zai yi?

Tarin da ya kai mako biyu, balle da rama ko gumin dare ko jini a kaki, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Damagaram a gwada kakin. Na'urar GeneXpert kan fitar da sakamako cikin kamar awa biyu, ta nuna har ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin. Maganin kyauta ne a Nijar: iri huɗu na wata biyu, sannan iri biyu na wata huɗu. Sauƙi kan zo tun makonnin farko, nan ne kuma wasu ke ajiye magani su kama hanyar Kano ko Agadas. Mai niyyar tafiya ya sanar da ma'aikacin lafiya tukuna, a haɗa shi da inda zai ci gaba da karɓa, a kuma kawo yaran gidan ƴan ƙasa da shekara biyar a duba su.