Masu Ra'ayin Riƙau a Amurka da Batun Ikon Gwamnati: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa masu ra'ayin riƙau ke ƙyamar yawan ƙa'idojin gwamnati?

Damuwarsu ta farko ita ce wanda ke kafa ƙa'idar. Kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a Filadelfiya a 1787, ya danƙa ikon yin doka a hannun majalisa. Amma a yau ma'aikatan hukumomi, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, su ke tsara mafi yawan ƙa'idojin da ɗan kasuwa ko manomi ke bi. Ɗan majalisa idan ya yi ba daidai ba ana kayar da shi a zaɓe. Ma'aikacin ofis fa, ina talaka zai kama shi? Sai kuma batun kuɗi. Babban kamfani na da lauyoyin da za su cike masa takardu, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa shi ke ji a jikinsa.

Akwai misali?

Akwai shari'ar masunta. Hukumar kula da kamun kifi ta tarayya ta wajabta wa wasu masu jiragen kamun kifi a gabar tekun Atlantika su riƙa ɗaukar mai sa ido a cikin jirgi, kuma su biya shi daga aljihunsu, kimanin dala 700 a rana. Masuntan suka ce majalisa ba ta taɓa ɗora musu wannan biya ba, suka garzaya kotu. Abin da ya tsaya musu a gaba shi ne hukuncin Chevron na 1984, wanda ya ce idan lafazin doka bai fito fili ba, alƙali ya bi fassarar hukuma muddin tana da ma'ana. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci a shari'ar masuntan, wato Loper Bright, ta ce fassara doka aikin alƙali ne. A ganina masuntan na da gaskiya, domin bai kamata hukumar da ke ƙaƙaba biya ta zama ita ce mai faɗin ko doka ta ba ta dama ba.

Yaya suke fassara kundin tsarin mulki?

Da ma'anar da kalmominsa ke ɗauke da ita lokacin da aka amince da su. Marigayi Antonin Scalia, wanda ya zauna a Kotun Ƙoli daga 1986 zuwa 2016, shi ne ya fi shahara da wannan ra'ayi, sai mai shari'a Clarence Thomas na kotun. Hujjarsu ita ce idan zamani ya canza, kundin ya tanadi hanyar gyara: kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. An yi gyara sau 27. Alƙalai tara, in ji su, ba su da hurumin yi wa al'umma wannan aiki. Da wannan tunani aka soke hukuncin 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki, a shekarar 2022, aka mayar da batun ga jihohi.

Ina batun ɗaukar nauyin kai?

Suna ganin iyali, coci da maƙwabta su ne farkon masu tallafi, gwamnati daga baya. Dokar tallafi ta 1996, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu bayan 'yan Republican sun matsa, ta gindaya sharaɗin aiki, ta kuma taƙaita kuɗin tallafin tarayya zuwa shekara 5.

Me masu adawa ke cewa?

Maganarsu na da nauyi. A shari'ar masuntan, mai shari'a Elena Kagan ta Kotun Ƙoli ta yi gargaɗin cewa alƙali ba shi da ƙwarewar masanin magunguna ko na muhalli. Wasu na tuni da cewa sakaci wajen sa ido kan bankuna ya taimaka wajen rikicin kuɗi na 2008, kuma talakawa ne suka rasa gidaje. Suna kuma nuna cewa hukuncin Chevron gwamnatin Shugaba Reagan, ta masu ra'ayin riƙau, ya bai wa nasara, kuma Scalia da kansa ya daɗe yana kare shi kafin 'yan ɓangarensa su juya masa baya.