Zaren rama, soda da roba: tambayoyin da ɗalibai ke ta maimaita min

Duk shekara a nan Sakkwato, da lokacin aikin kammala karatu ya kama, sai ɗalibai masu son haɗa zaren rama da roba su yi allo su zo min da damin rama da tambayoyin bara. Ga amsoshin. Ku karanta kafin ku zo.

Me ya sa sai an jiƙa zaren cikin soda?

Zaren tsiro yana shan ruwa, roba kuwa ba ta jituwa da ruwa. Soda tana cinye kakin da ke jikin zaren da wani sashe na danƙon da ya ɗaure shi, ta bar shi da kaushi yadda roba za ta sami makama. John Mercer ya gwada jiƙa auduga cikin soda a Ingila tun 1844.

Wace soda?

Ta masu haɗa sabulu. Ba ta gashin burodi ba.

Zan iya haɗawa a tukunyar dalma?

Kul! Soda tana cin alminiyon, ta fitar da iska mai kama wuta. Nemi bokitin roba. Kuma sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, don haɗin zafi yake yi sosai. Sa safar hannu da tabarau. Na gaji da ganin yara da saluɓaɓɓun yatsu saboda ganganci.

Soda nawa zan sa, kuma awa nawa zai yi a ciki?

Nan kam ba amsa ɗaya. Galibi ana farawa da kashi 5 cikin ɗari, wato giram 50 a litar ruwa. Amma rama daban, zaren ɓawon kuka daban, kabar goruba daban. Ramar da ta jiƙu da kyau a fadama kafin a saɓe ta ta riga ta rabu da datti mai yawa, ba ta buƙatar wahala irin wadda aka ɓare da gaggawa. Zafi ma yana da hannu: a watan Afrilu, da garin nan ke haura digiri 40, aikin sodar ya fi sauri a kan na sanyin hunturu, don haka awannin da ka kwafo daga binciken wata ƙasa ba lallai su dace ba. In ka cika soda ko ka bar shi ya kwana, zaren zai yi kyan gani amma ya raunana, ka ja shi ya tsinke. Ni dai abin da nake sa ɗalibaina, su raba zaren kashi huɗu: ɗaya ba soda, sauran a kashi 2, 5 da 8, duka awa biyu, sannan a gwada ƙarfinsu. Ko na farkon ya zo da abin da ba ka zata ba, kada hankalinka ya tashi. Rubuta abin da ka gani, ba abin da kake fata ba.

Kanwa fa, ko ruwan toka?

Ba su kai soda ƙarfi ba, kuma kowane ƙulli da nasa kaifin. Gwada in kana so, amma kada ka rubuta soda a rahotonka.

Na wanke sau ɗaya, ya isa?

Bai isa ba, kuma a nan yawancinku kuke ɓata aiki. Sodar da ta saura za ta ci gaba da cin zaren. A ɗauraye har santsi ya tafi, a ɗiga ruwan khal kaɗan, a sake ɗaurayewa. Sannan ya bushe ƙayau, a obin mai digiri 60 zuwa 80, ko a rana cikin rufi saboda ƙura. Danshi kaɗan ya ishi allonka ya fito da kumfa a ciki.

Wace roba zan narka?

Mai narkewa ƙasa da digiri 200, irin folifurofilin, don daga nan zaren yake fara ƙonewa. Da ita Toyota ke haɗa rama a bangon cikin ƙofofin wasu motocinta. In ba ka da injin narkawa, yi da rezin na ruwa, wato roba mai ruwa-ruwa da ke taurarewa ba sai an narka ta ba, ka danne da nauyi har ya daskare.