Sauya fitilun wajen mota zuwa LED

Sauya fitilun wajen mota zuwa LED shi ne cire ƙwayayen fitila masu zare da mota ta zo da su daga kamfani, a sa na LED, wato ƙwayayen da ke ba da haske ba tare da zare ba, a gurbinsu, ba tare da an taɓa mazaunin fitilar ko gilashinta ba. Aikin ya shafi fitilun gaba, danja, birki, sigina, ribas, fakin, da 'yar fitilar da ke haska lambar mota. Masu rewaya ne suka fi yin sa, kodayake wasu ƙwayayen mai mota kan iya canja su da hannunsa. Akan yi shi ne don rage cin wuta, da tsawon kwanan ƙwai, da saurin kamawa. Sai dai wayoyin motar, da filasharta mai sa sigina kiftawa, da madubin da ke cikin fitilar, duk an tsara su ne a kan siririn zaren da ke ci a cikin tsohon ƙwai, kuma kusan duk matsalar da ke biyo bayan sauyin daga nan take tasowa.

Tarihi

A 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya ƙera LED mai jan haske da ido ke iya gani. A shekarar ne kuma ƙwan halojin mai zare na H1 ya fito a Turai, wanda shi da danginsa suka mamaye fitilun gaba na shekaru da dama. LED na farko ba shi da ƙarfi, aikinsa bai wuce alamar kunnawa a jikin rediyo da na'urori ba.

Ta baya LED ya shiga mota, domin ja shi ne launin da aka fara iyawa. Daga motocin 1986 Amurka ta wajabta fitilar birki ta uku a tsakiyar bayan mota, kuma akan ambaci Chevrolet Corvette ta wajen wannan lokaci a cikin na farko da suka sa LED a wurin. Cadillac DeVille ta 2000 tana cikin na farko da danjarsu da birkinsu suka zama na LED.

Farin haske sai da ya jira shuɗi. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, su ne suka warware wannan a Japan. Shuɗin LED mai ƙarfi ya fito a 1993, aikin kuma ya ba su kyautar Nobel a 2014. Wajen 1996 aka fara sayar da farin LED, wanda shuɗi ne da aka shafa wa wani sinadari mai ba da rawayan haske, haɗuwar biyun ta ba da fari. Shi ya sa har yau farin LED na mota ke da ɗan ratsin shuɗi. Audi A8 ta fito da fitilun rana na LED a 2004, Lexus LS 600h ta sa shi a dim wajen 2007, Audi R8 kuma ta zo da fitilun gaba na LED zalla jim kaɗan bayan haka. Ƙwayayen da ake sayarwa don tsofaffin motoci sun biyo baya: ƙananan suka fara, na fitilun gaba suka yawaita a kasuwa bayan 2010, mafi yawansu ƙirar Sin.

Lambobin ƙwayaye

Kowane ƙwai yana da lamba a gindinsa, ita ake bi wajen saye, ba kamannin ƙwan ba. P21W, wanda Amurkawa ke kira 1156, zare ɗaya ne mai wat 21, na sigina da ribas. P21/5W ko 1157 zare biyu ne, wat 5 na danja, wat 21 na birki, kuma kunnuwan gindinsa ɗaya yana sama da ɗaya don kada a juya shi. PY21W ruwan lemo ne, kunnuwansa ba su fuskanci juna ba, saboda haka 1156 ba ya zama a soket ɗinsa sai an matsa, matsawar kuma ita ke lalata soket. Motocin Japan da yawa na amfani da 7440 da 7443 masu gindin tsokawa, na Amurka 3156 da 3157. W5W ko T10 na fakin ne da lamba.

A gaba akwai H4 mai zare biyu, wat 60 na ful da 55 na dim, sai H1, H7 da H11 masu wat 55, da 9005 da 9006. Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008 tana ɗaukar 9006 a dim, 9005 a ful. Camry ta 2007 H11 ce a dim. Manyan motoci masu batir na volt 24 suna ƙona ƙwan volt 12 nan take, sai wanda aka rubuta yana ɗaukar duka biyun.

Sigina

Nan aka fi shan wahala. Ƙa'ida ita ce sigina ta kifta sau 60 zuwa 120 a minti. Ƙwai mai wat 21 yana jan amp 1.75 a volt 12, filasha kuma da wannan nauyi take sanin ƙwayayen suna raye. LED mai wat 3 amp 0.25 kawai yake ja. Filasha sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta ninka saurin kiftawa, wanda dama shi ne gargaɗin da aka gina mata. Tsohuwar filasha mai aiki da zafin ƙarfe kuwa wani lokaci ba ta kiftawa sam, fitilar ta tsaya a kunne.

Gyara iri biyu ne. Na farko, kuma wanda ya fi tsafta, a cire filashar a sa ta LED wadda ba ruwanta da nauyi. Masu ƙafa uku iri biyu ne, CF13 ta motocin Japan da CF14 ta na Turai. Kamanninsu ɗaya amma an sauya wa ƙafar wuta da ta as (wadda ke haɗe da ƙarfen mota) wuri, in aka sa wadda ba ita ba, ba za ta yi aiki ba. Toyota da yawa filasha mai ƙafa takwas gare su. Akan same ta a ƙarƙashin dashbod, a kunna hazad a bi ƙararta da kunne.

Na biyu, inda filashar ke cikin kwamfutar mota ba a iya cire ta, a sa rezista mai om 6, wat 50, ɗaya ga kowane ƙwan da aka canja. Ƙafa ɗaya a wayar sigina, ɗaya a wayar as, wato a gefen ƙwan, ba a jere da shi ba. In aka yanke waya aka sa ta a tsakiya, ƙwan zai dusashe, kiftawar ba za ta gyaru ba. Injin na aiki wutar mota takan kai volt 14, rezistar ta ja amp 2.3, ta mai da wajen wat 33 zafi. In aka bar hazad minti goma tana iya ƙona hannu, ta narka roba da bawon waya. Dole a ɗaure ta da sukuru a jikin ƙarfen mota, nesa da kafet ɗin but, a kuma yi wa haɗin wayar dalma. Wannan hanya tana cinye duk wutar da aka ce an rage, kuma ko ƙwan ya mutu filasha ba za ta ƙara faɗa ba.

Danja da birki

A bayan jan gilashi jan LED ake sawa. Gilashin yana tare duk launin da ba ja ba, farin LED kuwa jansa kaɗan ne, sai hasken ya fito fari-fari maras ƙarfi. Haka ruwan lemo a sigina.

Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin hasken danja da na birki. Ƙwayaye masu araha da yawa danjarsu ta cika haske, in an taka birki bambancin ba ya fita, na baya ba zai gane an tsaya ba. Ana gwada wannan da dare, da kuma tsakar rana, a tsaye daga nesa. Ribar LED ta gaskiya a birki take: zare yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya cika haske, LED nan take yake kamawa, kuma a gudun kilomita 100 wannan tazarar ta haura mita biyar.

LED hanya ɗaya wuta ke bi ta cikinsa. Mai gindin tsokawa in bai kama ba, a zare a juya shi kafin a ce ya mutu. Wasu soket ɗin 7443 da 3157 haɗin wayarsu daban ne, ana kiransu CK; ƙwan da ba nasu ba yana ƙona fiyus da zarar an taka birki. Ƙara girman fiyus a nan ganganci ne.

Motoci masu duba ƙwai

Mercedes, BMW, Volkswagen da ire-irensu suna tura 'yar wuta a kai a kai don duba ƙwayaye. Zare ba ya ko ɗumi da ita, LED kuwa sai ya yi walƙiya ko a kashe yake, dashbod ta nuna alamar ƙwai ya mutu. Ƙwayayen da aka rubuta wa CANbus, waɗanda aka yi don irin waɗannan motoci, rezista ce a cikinsu, zafinta ke rage musu kwana. Inda motar ta yarda, kashe dubawar da kwamfutar gwaji ya fi. Wasu motocin Amurka da Kanada suna kunna ƙwan ful da ragaggiyar wuta a matsayin fitilar rana, LED a wurin yakan yi ta rawa.

Fitilun gaba

Madubin fitila an sassaƙa shi ne don ya tattara haske daga zare mai tsawon 'yan milimita, a wuri ɗaya tak, mai haskawa ta kowane ɓangare. LED ta fuska ɗaya yake haskawa, don haka akan manna shi a gefe biyu na wani siririn allo. In allon ya yi kauri, ko ɗigon hasken ya kauce wa mazaunin zaren ko da milimita ɗaya ko biyu, layin da ke yanke hasken dim ya ɓace: gaban mota ya yi fari fat, nesa duhu, mai tahowa kuma an kashe masa ido. Direba yakan ɗauka ya samu haske, alhali nisan ganinsa raguwa ya yi. Masu fuska uku ko huɗu sun fi kowanne muni. Fitila mai idon gilashi, wato furojekta, ta fi jure sauyin saboda tana da marfin yanke haske a ciki.

Wajen sawa, fuskokin LED su kalli hagu da dama, ba sama da ƙasa ba. Zafinsa ta gindi yake fita, zuwa ƙarfen sanyaya ko 'yar fanka. In gindin ya hana murfin ƙura rufuwa, a nemi murfi mai zurfi. Barin sa a buɗe yana shigar da ƙura da ruwa, madubi ya dushe, fanka ta cije, ƙwan ya bi ta. A ma'aunin yawan haske, H7 na halojin lumen 1,500 ne a ƙa'ida, dubun-dubatan da ake bugawa a kwalin LED ba abin dogaro ba ne. A ma'aunin launin haske, inda ƙaramar lamba ta fi rawaya, halojin wajen 3,200K ne, LED na kasuwa 6,000K zuwa 6,500K, kuma direbobi da yawa sun fi son mai ɗan rawaya a cikin hazon hunturu da ruwan sama. Gilashin roba da rana ta ƙona ya yi rawaya goge shi ake fara yi, sabon ƙwai ba ya gyara shi. Fitilar zenon mai lamba D1S ko D2S wani aiki ne daban, wutar tayar da ita tana haura volt 20,000.

Saiti

Bayan kowane sauyi sai an yi saiti. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, tayoyi da iska daidai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi a bangon a wannan tsayi. Galibin motoci saukar kashi 1 cikin 100 aka rubuta a jikin fitilarsu, wato layin dim ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana a 1974, don haka ɗagawar da layin dim ke yi ta gefe ɗaya, ta ɓangaren dama ya kamata ta kasance. Motar da aka ƙera don Ingila ko Japan tata ta hagu ce, cikin idon masu tahowa, LED kuma ƙara abin yake yi.

Ribas, fakin da lamba

Ba su da wata matsala in ban da juya ƙwan in bai kama ba, sai kuma a motoci masu duba ƙwai.

Doka

Ƙasashe sun sha bamban. A Amurka hukumar kiyaye haɗurran hanya, NHTSA, ba ta ɗaukar ƙwan LED a fitilar gaba ta halojin a matsayin wanda ya cika ƙa'idarta ta FMVSS 108. Birtaniya tun 2021 tana kayar da irin wannan mota a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, ban da waɗanda suka fara hawa titi kafin Afrilun 1986. Jamus ta amince da H7 na Osram a 2020, na Philips ya biyo baya, amma ga jerin motocin da aka gwada kaɗai. Masu ƙera ƙwayayen da masu nazarin hasken mota har yanzu ba su daidaita a kan batun ɗauke ido ba.