PRaT: sauri, kari da daidaiton lokaci a kayan sauraron kiɗa

PRaT laƙabi ne da ma'abota kayan sauti ke amfani da shi idan suna maganar yadda na'ura ke kai motsin kiɗa jikin mai sauraro. An haɗa shi daga haruffan farko na kalmomin Ingilishi uku, pace, rhythm da timing, masu nufin sauri, kari da daidaiton lokaci. Idan suka ce garmaho, amfilifaya ko lasifika na da PRaT, suna nufin bugun ganga da na jita mai kaurin murya na faɗuwa a muhallinsu, makaɗa na tafiya tare, har mutum ya tsinci ƙafarsa tana bin kiɗan ba da niyya ba. Idan babu, sai su ce na'urar na jan ƙafa, ko da kowane sauti ya fito tas. Babu wani awo guda a ɗakin gwaji da ke ɗauke da wannan suna, kuma daga nan ne muhawarar ta samo tushe.

Asali

Ra'ayin ya yi ƙarfi a Birtaniya a shekarun 1970 da 1980, a kewayen kamfanoni biyu: Linn na Ivor Tiefenbrun a Glasgow, mai garmahon Sondek LP12, da Naim, wanda Julian Vereker ya kafa a Salisbury a 1973. A lokacin yawancin masu saye na ganin lasifika ce komai, garmaho kuwa juya faifai kawai yake yi. Tiefenbrun ya ce a'a: abin da ya ɓace a wurin allura, babu amfilifaya ko lasifikar da za ta dawo da shi. Dilolin Linn kan saka ɗan gajeren yanki na waƙa a na'ura biyu, su tambayi mai saye a wacce ya fi bin karin waƙar cikin sauƙi. An yi wa mabiya wannan hanya laƙabin "'yan shimfiɗaɗɗiyar duniya", domin ba su damu da zurfi da faɗin filin sauti ba, wato yadda ake jin kowane makaɗi a wurinsa a gaban mai sauraro, abin da ma'abota sauti na Amurka suka fi ba muhimmanci. Martin Colloms ya yi dogon rubutu a kan batun a mujallar Stereophile a 1992.

Garmaho

A garmaho ne na'ura ke iya taɓa lokacin kiɗa da gaske. Faifai ya kamata ya juya sau 33⅓ ko 45 a minti. Idan ya yi sauri da kashi 1 cikin 100, kiɗa mai bugu 120 a minti zai koma 121.2, murya kuma ta ɗan hau sama. Kunne ba ya kama wannan a matsayin kuskure, sai dai ya ji kiɗan ya ƙara armashi. Don haka kafin a yaba wa garmaho da PRaT, a fara auna gudunsa.

Matsala ta biyu tangal-tangal ɗin gudu ce. Faifan da hudarsa ba ta tsakiya daidai ba yana sa sauti ya hau ya sauka sau ɗaya a kowane zagaye, wato kusan 0.55 Hz a gudun 33⅓ (Hz shi ne yawan maimaituwa a sakan guda), kuma an fi jin hakan a dogon sautin piyano. Bel ɗin roba da ya saki, datti a ƙafar da bel ke bi, da busasshen mai a gindin sandar faranti duk suna kawo irin wannan. Ana aunawa da faifan gwaji mai sautin 3150 Hz. Garmaho mai kyau na tsayawa ƙasa da kashi 0.1 cikin 100.

Garmahon da injinsa ke ɗaukar gudu daga mitar wutar gida na da wani rauni da ya shafi masu amfani da janareta. Idan janareta ya ba da 49 Hz maimakon 50, gudun faifai zai ragu da kashi 2 cikin 100. Faifan layuka na auna gudu da ake dubawa da hasken fitila ba zai tona asirin ba muddin fitilar na kan wannan janareta, domin ƙyaftawar haskenta ma ta ragu daidai da haka. Sai a yi amfani da fitilar gwaji mai batir.

Na'urorin dijital

Nan zancen gajere ne. Agogon cikin na'ura da ya kauce da kashi 50 cikin miliyan zai sa kiɗan awa guda ya bambanta da sakan 0.18 kacal. Rawar agogo da ake kira "jitter" a Ingilishi ana auna ta da nanosakan ko ƙasa da haka, kuma illarta ita ce ƙara ɗan gurɓata a sauti. Ba ta matsar da bugun ganga daga wurinsa.

Lasifika da ɗaki

Mafi yawan abin da ake kira jan ƙafa a nan yake faruwa, kuma yana da alaƙa da yadda sauti mai kauri ke mutuwa. Kowane bugu na da farko da wutsiya. Idan wutsiyar bugun farko ba ta mutu ba har na biyu ya iso, gefen bugun ya dushe, kunne ya rasa inda zai kama. Bugun ya zo a kan lokaci, amma ana jin kamar ya makara.

Akwatin lasifika rufaffe na rage kaurin sauti a hankali, dB 12 (ma'aunin ƙarfin sauti) a kowace oktaf, wato duk lokacin da mita ta ragu da rabi, kuma yana saurin yin shiru. Akwati mai bututun iska na kai wa ƙasa sosai, amma yana faɗuwa da dB 24, kuma kusa da mitar bututun sautin na jinkiri yana daɗewa. Mai bututu da aka tsara da kyau ba ya da laifi. Matsalar na ga ƙananan lasifikun da aka kumbura musu sauti a wajen 80 zuwa 100 Hz don su burge a shago. Ana iya gwadawa ta cusa soso a bututun a saurari bambancin. Amfilifaya ma na da hannu: wasu masu kwalba irin ta tsohuwar rediyo na da turjiyar lantarki a wurin fita ta ohm 1 ko fiye, abin da ke sassauta riƙon lasifika ya kumbura kaurin.

Ɗaki ya fi duka waɗannan tasiri. Sauti na tafiya mita 343 a sakan, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 zai amsa kuwwa a kusan 43 Hz, rufi mai tsayin mita 3 kuma a 57 Hz. Duk sautin da ya faɗa kan waɗannan mitoci zai kumbura ya daɗe, na kusa da shi ya yi rauni. Ɗakin bulo da siminti mai tayil, babu kafet babu labule, ya fi tsananta hakan. Abin yi shi ne a janyo lasifika daga kusurwa, a riƙa matsar da ita santimita 5 zuwa 10 ana saurare, a ɗauke kujera daga jikin bango da kuma tsakiyar ɗaki daidai. Labule da kafet na taimaka wa siririn sauti kawai. Mai kauri sai da abin tsotse sauti mai kauri a kusurwa. Mai sabwufa, wato lasifikar sauti mai kauri zalla, ya kula da nisa: kowane santimita 34 milisakan 1 ne, kuma a 80 Hz bambancin mita 2.1 ya isa ya sa ita da manyan lasifiku su soke juna.

Akwai kuma yaudara ta ɗaya ɓangaren. Na'urar da ta rage kauri ta ɗaga sautin 2 zuwa 5 kHz za ta fito da farkon kowane bugu, a ji ta da zafin nama a minti goma na farko, daga baya ta gajiyar da kunne.

Binciken masana ya goyi bayan muhimmancin kaurin sauti ga motsin jiki. A 2022 masu bincike na Jami'ar McMaster da ke Kanada sun riƙa kunna da kashe lasifikun sauti na ƙasa sosai, wanda kunne ba ya kamawa, a wani wasan kiɗa kai tsaye, suka ga motsin masu rawa ya ƙaru da kashi 11.8 cikin 100 idan suna kunne.

Yadda ake gwadawa

Masu suka na cewa yawancin bambancin da ake ji tsakanin amfilifaya biyu masu lafiya ƙarfin murya ne ke kawo shi, kuma suna da hujja: wadda ta ɗara ƙara da rabin dB takan fito kamar ta fi rai. Kafin kwatantawa, a kunna sautin 1 kHz, a auna wutar da ke bakin lasifika da mita, a daidaita na'urorin biyu su zo cikin kashi 1 cikin 100 na juna, wato kusan 0.1 dB. A zaɓi yanki na sakan 15 zuwa 30 mai kari sarƙaƙƙe. Kiɗan kalangu ya dace, domin muryarsa na hawa da sauka a cikin bugu ɗaya, kuma kaurin da ya daɗe yana saurin shafe wannan lanƙwasa. Wani ne zai riƙa sauya na'urorin ba tare da mai sauraro ya gani ba, a maimaita sau 16. Wanda ya gane daidai sau 12 ko fiye, da wuya a ce sa'a ce kawai ta taimake shi.