Iyaye mata na Makka, a tayar da yaran nan su ɗan taka

Assalamu alaikum yan uwana mata. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma abin da nake gani a gidajenmu na Shari Mansur da Misfala yana damuna wallahi. Yaro ya dawo madrasa ya jefar da jaka, ya kwanta ƙarƙashin mukayyif, wato AC, da jawwal, wato waya, a hannu, ba zai motsa ba sai an kira shi cin abinci. Ban ga laifinku ba, zafin garin nan yakan haura digiri 45, waye zai tura ɗansa waje, ga ɗakunan namu a matse. Amma jikin yaro bai san wannan uzurin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa shi haki, kuma kwana 3 a sati ya samu irin tsalle-tsallen da ke ƙarfafa ƙashi. Kun dai san yadda ciwon suga ya cika ƙasar nan, ƙiba tun yarinta tana cikin hanyoyin da yake shigowa.

To gaɗar da iyayenmu suka yi a dandali fa, ita nake so mu shigo da ita falo. Ba kiɗa ba speaker, tafi ne kawai da bakinki, cikin gidanki da yaranki.

Ga takun farko. Yarinya ta tsaya ta ɗan buɗe ƙafa, gwiwa a sake kar ta sandare. Ƙafar dama ta matsa gefe, ta hagu ta biyo ta su haɗu, sai tafi. Hagu ta koma, dama ta biyo, tafi. Kina ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, tafi, a hankali sosai tukuna. Dan Allah ki tsaya a gefenta ku kalli waje ɗaya, in kika fuskance ta damanki hagunta ne, nan take rikicewa ke kuma ki fara faɗa. Wata yar shekara 4 da na koya wa sai da na ɗaura mata jan zare a ƙafar dama, nace mai zare ce ke fara tafiya, kafin la'asar ita ke koya wa ƙaninta tana masa tsawa wai bai iya ba. In takun ya zauna sai ki ƙara gaba da baya, daga nan ɗan tsalle a wurin tafin. Maza in sun ce gaɗa ta mata ce a basu langa, amma tsalle da ƙafa ɗaya sai wajen shekara 4 zuwa 5 yake samuwa, kar ki matsa wa ƙarami.

A cire safa, tayil ɗin nan da santsi, ko a yi kan kafet, a janye tebur mai kaifin baki. Kar a fara ana gama cin kabsa, a ajiye ruwa kusa, mai asma kuma maganin shaƙarsa na gefe, in ya fara tari ko ƙirji na ƙara a tsaya. Minti goma-goma sau biyu ko uku ya isa farawa, in kina hawa na sama ki sanar da maƙwabciyarki ta ƙasa lokacin, wataƙila ma ta turo miki nata.