Baba, a ajiye kwalbar ƙarin jinin nan tukuna

Ran Talata wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya zo ɗan asibitinmu a Agege, ya zaro kwalbar maganin ƙarin jini daga aljihu. Ta huɗu ke nan tun bayan Sallah. Na ce, "Baba, wa ya rubuta muku?" Ya ce, "'Yata, gajiya ce ta rubuta."

Na yi dariya, amma raina bai so ba.

Irin wannan maganin sinadarin ƙarfe, wato ayon, yake ƙara wa jiki. Jikin babban mutum kuwa yana ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4, galibinsa a cikin jini. Abin da ke fita a rana bai wuce miligiram 1 ko 2 ba. Allah bai yi wa jiki ƙofar zubar da rarar ƙarfe ba, sai dai in jini ya zuba.

Su ma ƙwayoyin halittar jiki tsufa suke yi. Tun 1961 Leonard Hayflick ya nuna a Amurka cewa ƙwayar jikin mutum da aka rena a ɗakin gwaji tana rabuwa kusan sau 50, sannan ta tsaya. Wadda ta tsaya ba mutuwa ta yi ba. Zama take yi tana tara ƙarfe da tagulla, kamar ɗan gwangwan da kullum yake tsintowa amma ba ya kai wa sikeli. Ƙarfen da ya yi yawa kuwa yana cin ƙwayar daga ciki, kusan yadda tsatsa ke cin kwanon rufi a iskar Legas. Har a wasu sassan ƙwaƙwalwa ƙarfe yana ƙaruwa da shekaru.

Wani sinadarin kuma, zink, shi ne ke ja da baya a jinin tsofaffi da yawa, kuma jiki ba shi da rumbun ajiye shi. In ya yi ƙasa, abinci ya yi lami a baki, miki ya daɗe bai warke ba. Nama, kifi, ƙwai, wake, gyaɗa da agushi duk suna da shi, kuma suna nan a kasuwar da Baba yake wuni.

Iyayenmu mata, mai al'ada tana buƙatar ƙarfe miligiram 18 a rana, wadda ta daina kuwa 8 kacal, daidai da namiji. Ƙwayoyin awon cikin surukarki ba naki ba ne, Hajiya.

Tsoho yana iya rasa jini da gaske, amma sai a nemi inda yake zurarewa. Sau da yawa ciki ne ke tsiyaya a ɓoye saboda maganin ciwon gwiwa irin su daklofenak, wani lokaci kuma ciwon ƙoda ne ke rage jinin. Maganin ƙarin jini ba ya toshe wannan.

Na tura Baba gwajin jini, na ce ya zo min da duk magungunan da ke ƙarƙashin filonsa. Ya ce leda guda ce. Na ce ya kawo ledar.